Yadda Za Ka Ciyar da Shanu Waken Baffanka, Kwamfuta Ta Wanke Ka

Shanun Hamman sun cinye mini wake. Manhajar da ɗan ƙanena Tasi'u ya rubuta ce ta kira su, kuma da muryata ta kira su.

Sunana Uba. Manomi ne ni a Ƙofa, ni ne kuma shugaban ƙungiyar manomanmu. A aji uku na bar makaranta, ya ishe ni. Ban taɓa rubuta manhaja ba. Amma a zaurena aka rubuta wata, a gabana aka yi ta gardama a kanta har kunnuwana suka ƙoshi, a gonata kuma aka ga aikinta. Wanda ya fi ni sanin wannan harka ya fito.

Kai yaro mai kwamfuta, da kai nake. In ka bi matakan nan, ba ka tsallake ko ɗaya ba, na lamunce maka abu biyu. Aikinka zai yi ɓarna, kuma ba mai iya kama ka da laifi. An gwada, an gani.

1. Ka nemo abin da ke tafiya daidai, ka ce za ka gyara shi

A nan wajenmu, in manomi ya kwashe amfanin gonarsa, sai ya je ya gaya wa makiyayinsa gona ta ƙare. Shanu su shigo su ci kara da ragowar ganye, su kwana, su bar taki. Kowa ya samu.

Nawa makiyayin Hamman ne, rugarsa tana wajen Ɗansoshiya. Tun gemuna yana baƙi muke haka. In na hau keke na iske shi, ba ya ko bari in sauka.

"Kaɗo, ka zo roƙon kashin shanu?"

"Na zo in ciyar da 'yan yunwar nan naka."

Sai ya yi dariya, a kawo nono. Yarjejeniyar ke nan. Takin shanunsa ne ya riƙe gonata, karan gonata ne ya riƙe shanunsa.

To, gwiwata ta fara ƙin keke. Manoma kuma sun yi yawa, wani ya manta bai aika ba, wani makiyayi ya gaji da jira. Sai Tasi'u ya dawo daga karatu ya ce, "Baffa, wannan wahalar ta ƙare. Manomi ya danna wayarsa kawai, saƙo ya tafi wa makiyayi."

Hamman ba ya karanta boko, don haka Tasi'u ya kara mini waya a baki ya ce in yi magana. Na ce, "Gona ta ƙare. Bismillah, a shigo da shanu." Ya naɗa.

Ka lura da wannan. Kada ka naɗi muryar kowa sai ta mutumin da ba a taɓa kama shi da ƙarya ba. Irinta ce ake ji a saki shanu ba a duba ba.

2. Ka fara gini kafin ka san abin da ake so

Ƙungiya ta ba mutum biyu aikin: Tasi'u da jikata Raihana, 'yar 'yata, wadda ita ma kwamfuta ta karanta a Kano. Tun ranar farko suka raba hanya.

Raihana ta ce gwaji ake fara rubutawa. Na ce mene ne gwaji. Ta ce, "Tsoho, ɗan umarni ne da ke tambayar manhaja: in an ba ki kaza, me za ki yi? Sai ka rubuta amsar da ta dace tun manhajar ba ta wanzu ba. Ka kunna, ya nuna ja, don ba abin da zai amsa tukuna. Sannan ka rubuta daidai abin da zai mai da shi kore. Ka sake wata tambayar. Haka, har ka gama."

Tasi'u ya ce wannan ɓata lokaci ne. Shi zai gina abinsa tukuna, sannan ya bi guntu-guntu ya gwada kowanne shi kaɗai. In kowane guntu ya nuna kore, ai magana ta ƙare.

"Kawu, gwada shi da me? Me ka ce masa ya yi?"

"Ke, kina rarrafe na fara taɓa kwamfuta."

Ni ga abin da na gane. Ita ta ce a auna ƙafa kafin a yanka fata. Shi ya ce a ɗinka takalmi, sannan a dudduba ɗinkin a ga ko ya yi ƙarfi. Ɗinki ya yi ƙarfi kuwa. Ƙafar ce ba a tambaya ba.

Kai hanyar Tasi'u za ka bi. Ta fi sauri, ta fi kyan gani, kuma tsofaffi sun fi son ta.

3. Ka sa a kori mai tambaya

Aibin hanyar Raihana shi ne ba ta iya rubuta gwaji sai ta san amsa, ba ta sanin amsa sai ta tambaya. Ni ta sa a gaba. Ina alwala tana nan, ina ɗaure buhu tana nan.

"Tsoho, me ake nufi da gona ta ƙare?"

"Ta ƙare, ta ƙare."

"In mutum ya shuka abu biyu a gona ɗaya fa?"

"Sai ya ci abu biyu."

"In 'yan'uwa biyu ke noma ta, wa zai danna? In an danna da kuskure fa, ana iya janyewa?"

Ranar kasuwar Bebeji ce, mota tana jira. Na ce, "Ke, gaban alƙali aka kai ni?"

A lokacin Tasi'u har ya gama fuskar manhajarsa, da hoton saniya mai kaɗa kai in ka taɓa ta. Aka zo taron ƙungiya. Shi ya nuna saniya, kowa ya taɓa. Raihana kuwa ta juyo da tata kwamfutar, layi-layi, duk ja. Ta ce wai haka ake so a fara. Mutum ya yi makonni yana aiki, ya zo gaban dattawa ya nuna musu cewa komai nasa ya faɗi, yana murmushi.

Na yanke hukunci. Na ce a ɗauki ta Tasi'u.

Raihana ta naɗe wayoyinta ta ce, "To, Tsoho, Allah ya ba da sa'a. Ka dai riƙa kwana kusa da gonarka." Ta koma Kano.

Har yau ina nan a kan bakana: tambayoyinta sun yi yawa.

4. Ka rubuta gwajin da zai yarda da kai

Nan ne gwaninta take, ka natsu.

Kada wani ya ce maka Tasi'u rago ne. Ya yi gwaji, na gani da idona. In manomi ya danna, manhaja ta ji? Kore. Saƙo ya tafi wa makiyayin da ya dace? Kore. Murya tana fita ko a ƙaramar waya mai tocila? Kore. In babu sabis, tana jira ta sake aikawa? Kore. Akwai ma wanda ya nuna ja: saƙon wani Aminu yana tafiya wa wani Aminun daban. Gwajin ya kama, ya gyara. Ban ce abin banza ba ne. Yana kama guntun da ya karye.

Amma ga sirrin. Ka kalli abin da ka riga ka gina, sannan ka rubuta tambayar da amsarta ke hannunka. Kada ka tambayi manhaja abin da ya kamata ta yi. Ka tambaye ta ko ta yi abin da take yi. Ba za ta taɓa ba ka kunya ba.

Na taɓa ganin magini ya yi katanga ta karkace. Mai gida ya yi magana. Sai ya ɗauko igiya ya bi da ita jikin katangar, duk inda ta lanƙwasa igiya ta lanƙwasa, ya ce, "Duba, ko yatsa ba ya shiga tsakaninsu." Gaskiya ya faɗa. Haka nake so ka zama.

Abu na ƙarshe a wannan mataki: abin da ka rubuta a wurin dannawa kada ya zama shi ne abin da saƙo zai faɗa. Na Tasi'u yana tambayar manomi, "Ka girbe?" Can kuma murya tana cewa gona ta ƙare. Kowanne shi kaɗai daidai yake.

5. Ka bar tsoho ya danna da hannunsa

Kada ka danna da kanka. In ka danna, laifi naka ne.

Babbar gonata dawa ce da wake. Haka ubana ya shuka ta, haka kowa ke yi a nan. Ana sare dawa, wake yana nan kwance a ƙasa yana jiran ya bushe, musamman can gangare inda laima take. Ranar da muka gama dawa, waya ta yi ƙara a aljihuna. Na duba. "Ka girbe?"

Na girbe mana. Ban taɓa yi wa mutum ƙarya ba, ba zan fara da waya ba. Na danna. Saniya ta kaɗa mini kai. Washegari na tafi ta'aziyya Tudun Wada.

Hamman ya ji muryata. Bai aiko kowa ya duba ba, don me zai duba? Ya koro shanu, ya sake su ta tudu inda kara ke zube, ya je gindin tsamiyar bakin hanya ya zauna yana jirana da goro, kamar kowace shekara. Shanu kuwa sun ji ƙamshi. Suka gangara.

Da ya ga shirun ya yi yawa, ya miƙe. Waɗanda suka gani sun ce da gudu ya gangara, dattijo sa'ana, yana kiran shanunsa ɗaya-ɗaya da sunansu. Saniyar da ta sa baki a wake ba ta jin Fillanci.

Da na dawo na tarar da shi tsaye a tsakiyar gangaren, mutane sun kewaye shi. Ba wake, ba harawa. Wani daga baya ya ce, "Ai haka suke." Na ji, shi ma ya ji. Mutumin da tsawon zamansa a ƙasar nan saniyarsa ba ta taɓa cizon ganyen da ba a sakar mata ba.

Ya zaro waya, ya ɗaga ta sama, ya danna. A gaban jama'a na ji kaina ina cewa, "Gona ta ƙare. Bismillah, a shigo da shanu."

Ya mai da ita aljihu, ya kore shanunsa.

Da safe na ga karsana ɗaure a ƙofar gidana, Hamman ya aiko diyyar wake. Na sa aka mayar masa. Ya sake aiko ta, na sake mayarwa. Kafin a yi ta uku aka ce ya tashi da rugarsa gaba ɗaya, ya nufi Doguwa.

Waken ba shi ne ya dame ni ba. Wake ana sake shukawa.

6. Ka buɗe kwamfuta ka nuna kore

Yanzu za ka ci moriyar wahalarka. In an kira ka zaure, kada ka zo hannu biyu. Ka zo da kwamfuta.

"Baffa, duba da kanka. Duk kore ne. Ko ɗaya bai faɗi ba."

"Waken fa?"

"Manhaja ta yi abin da aka rubuta mata."

"Wa ya rubuta mata?"

"Ni ne. Amma ba wanda ya ce mini ana barin wake a ƙasa bayan an sare dawa."

"A gidan nan aka haife ka. Alalar da ka ci ka girma, daga sama take faɗowa?"

"Baffa, a ƙa'ida, irin wannan ana kiransa kuskuren wanda ya danna."

Na dube shi. Na ci gaba da dubansa. Ya rufe kwamfutar a hankali.

Kai kada ka rufe. Nan ne Tasi'u ya gaza, don yana da sauran kunya. Ka riƙe kalmar nan da kyau, kuskuren wanda ya danna. Da ita ake wanke hannu a wannan sana'a.

7. In mai tambaya ta dawo, ka ce ai duk abu ɗaya ne

Raihana ta dawo ba a kira ta ba. Tun daga soro take magana.

"Tsoho, an ce ka buɗe wa shanu gidan abinci, ba ka gayyace ni ba."

Ta gaida kawunta, ta zauna, ta buɗo jajayen layukan nan da muka yi wa dariya. Ta karanta ɗaya a fili: gona mai dawa da wake, an girbe dawa, wake yana nan, kada saƙo ya fita. Na ce wa ya gaya mata wannan, tunda ni ban amsa ba. Ta ce kakarta Salamatu, matata, ranar da na tafi kasuwa.

Ta ɗora gwajin a kan manhajar Tasi'u. Ja.

Tasi'u ya ce, "Ai ni ma da na tuna, da na rubuta wannan. Gwaji gwaji ne. Ko kafin, ko bayan, abu ɗaya ne."

Ka haddace wannan amsa. Tana da daɗin ji, kuma rabinta gaskiya ne.

Raihana ta ce, "Kawu, ba za ka tuna ba, don ka riga ka gina. Idonka yana kan abin da ka yi. Ni ban fi ka kai ba. Ba ni da abin kallo ne, dole na fita na tambaya. Kuma ko nawa ba ya kama abin da ba a tambaya ba. Yana dai hana ni zama ban tambaya ba."

Ba ta zubar da aikinsa ba. Ta ce guntayensa suna da ƙarfi, gwaje-gwajensa ma a bar su, su ne za su yi ihu in gyara ya karya wani abu. Suka zauna tare. Ita ta rubuta tambaya, ya yi ja, shi ya rubuta abin da zai mai da shi kore. Suka sa ni a tsakiya. Abu biyu a gona ɗaya, 'yan'uwa biyu, danna da kuskure, duk na amsa. Don na ga dama na amsa.

Yanzu waya ba ta cewa "Ka girbe?" Sai ta bi abin da ka shuka ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce, "Saura wani abu a ƙasa?" Bana manoma da yawa sun yi aiki da ita, ba a ci ganyen kowa ba.

8. Ka ɗauka gyara yana dawo da abin da aka ci

Wannan matakin gajere ne. Ka gyara, ka nuna kore, ka ce an wuce wurin. Ka yarda da haka har cikin ranka. In ka iya, ka gama karatu.

Ba ruwana

Abin da na rubuta, na rubuta. Wanda ya bi shi ya ɓata gonar wani, ko sunan wani, ko zumuncin da ya girme shi, kada ya zo zaurena. Ban aike shi ba. Ni ma nawa gwajin kore ne: na ce za ka yi ɓarna, na ce ba za a kama ka ba, ban ce za ka samu abin da ka rasa ba. Mai son ƙarin bayani ya tafi Doguwa ya tambayi Hamman, kamar yadda muka je.

Bayan girbin bana ne. Na zaga babbar gona da ƙafata, tudu da gangare, na tabbata ko ƙwaya babu. Shekara guda ba taki, dawar ma ta nuna. Muka shiga mota mu uku, ni da Tasi'u da Raihana. Muka same shi can gaba da gari, wajen duwatsu.

Ya shimfiɗa mana tabarma. Aka kawo nono. Ya ce, "Sannu da zuwa, Malam Uba. Ya iyali?"

Tunda muke bai taɓa kira na Malam Uba ba.

Na ce, "Na zo roƙon kashin shanu."

Ya ce, "Allah sarki."

Tasi'u ya durƙusa ya ce, "Baba, laifina ne. Ka yafe mini." Hamman ya ce ya tashi, ya yafe tun ranar. Sai Tasi'u ya buɗe kwamfuta, Raihana ta matso ta nuna masa layin wake, ta gaya masa yadda yake ja a da, yadda ya koma kore, da yadda yanzu saƙo ba ya fita sai an tabbatar ba komai a ƙasa. Ya saurara har ta gama. Ya daɗe yana kallon fuskar kwamfutar.

"Yarinya, wannan koren. Ranar da shanuna suka shiga, wane launi yake?"

Raihana ta kalli kawunta. Tasi'u ya ce, "Kore ne, Baba."

"To."

Na ce su rufe abin. Na ce, "Hamman, bar waya. Ga ni na zo da kaina, da gwiwar nan. Na zaga ta da ƙafata. Gona ta ƙare. Bismillah, ka shigo da shanu."

Ya juya ya kalli shanunsa suna kiwo a gindin dutse. Sannan ya juyo gare ni.

"Muryar nan na ji ranar ma, Malam Uba. Ba zan dawo ba."